Yadda ake cire dattin da ya maƙale a fentin mota kafin a shafa maganin kariya

Sabulu da ruwa suna ɗauke ƙura da laka da maiƙon da suka kwanta a saman fenti, amma ba sa taɓa dattin da ya riga ya manne ko ya nutse a ciki: ɓarɓashin ƙarfe, ɗigon kwalta, danƙon bishiya, feshin fentin da iska ta kawo, da gishirin da ruwa ke bari idan ya bushe. Wanda ya shafa maganin kariya, wato kaki ko silant ko siramik, a kan irin wannan jiki ya yi asara biyu. Maganin ba fentin zai kama ba, dattin zai kama, don haka ba ya daɗewa. Sannan an kulle dattin a ƙasa, kuma siramik, da zarar ya taurara, ba ya fita sai da injin goge fenti.

Kafin ka taɓa komai, ka san kaurin abin da za ka yi aiki a kansa. Fentin masana'anta hawa-hawa ne: akwai faraima, wato shafen farko, a kan ƙarfe, sai launi, sai shimfiɗa ta sama marar launi mai sheƙi, wato kiliya kot. Dukansu a haɗe yawanci suna tsakanin maikron 100 zuwa 180 (maikron dubu ne milimita ɗaya), kiliya kot ɗin kuwa maikron 35 zuwa 50 ne kacal, bai kai kaurin gashin kai guda ba. Duk abin da aka kankare daga cikinsa ba ya dawowa. Shi ya sa tsarin aikin yake haka: a bar sinadari ya narkar da duk abin da zai iya narkarwa, gugar hannu ta zo daga ƙarshe, kan ɗan abin da ya rage.

Gwajin leda

Bayan an wanke mota ta bushe, sa hannunka cikin siririyar leda mai laushi, ka shafa bonet ko saman but a hankali da kan yatsu. Ledar tana ƙara wa yatsa jin abin da fata kaɗai ba ta ji. Fenti mai tsabta sumul yake, hannu na zamewa shiru. Idan ka ji kaushi-kaushi, ko ƙarar "shuu" ƙasa-ƙasa, akwai abin da ya maƙale. Gwada wurare da dama, domin ba daidai suke tara datti ba: rufi da bonet suna karɓar abin da ya faɗo daga sama, ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi suna karɓar kwalta da ƙurar birki, bambar baya kuma tana tara hayaƙi da duk abin da iska ta juyo da shi. Sabuwar mota ma a gwada ta. Motocin da aka ɗauko a jirgin ƙasa ko suka daɗe a ajiye kusa da tashar ruwa ko masana'anta sukan zo da ɓarɓashin ƙarfe tun kafin kowa ya tuƙa su.

Kayan aiki

Bokiti biyu, kowanne da raga a ƙasa mai riƙe yashi; wani bokitin da buroshi na tayoyi; sabulun mota wanda ba shi da kaki ko sinadarin sheƙi a ciki; safar wanki ta maikirofaiba; tawul ɗin maikirofaiba masu tsabta aƙalla takwas zuwa goma; maganin narkar da kwalta; maganin cire ƙarfe, kwalba mai mililita 500 takan ishi mota matsakaiciya; yumɓun goge fenti mai laushi, giram 100; ruwan santsi na yumɓu; alkohol na isofurofil da tataccen ruwa; tef na masu fenti; safar hannu ta roba; da fitila mai haske sosai. Idan akwai injin feshin ruwa, madalla, amma a riƙe bakinsa nesa da fenti da kimanin santimita 30 ko fiye.

Wuri da wanki

A inuwa ake wannan aiki, kuma jikin mota ya zama ya huce. Ɗora bayan hannunka a bonet: in akwai ɗumi, jira. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin kusan duk tabon da ake samu a wannan aiki daga sinadarin da ya bushe a kan fenti mai zafi yake fitowa. Wurin kuma ya kasance iska na shiga, saboda warin magungunan.

Fara da tayoyi da rim, da nasu bokitin da nasu buroshin, don ƙurar birki kada ta fantsamu kan jikin da aka riga aka wanke. Sannan a kwarara wa motar ruwa daga sama zuwa ƙasa. Bokiti ɗaya na sabulu, ɗaya na ruwa zalla: ka tsoma safa a sabulu, ka wanke ɓangare ɗaya a miƙe, ka ɗauraye ta a ruwa zalla kafin ta koma cikin sabulu. Rufi da gilasai tukuna, ƙasan ƙofofi daga ƙarshe. Ɗauraye, ka tsane ruwan da tawul. Ba sai ta bushe ƙaf ba, amma kada ruwa ya riƙa kwaranya, domin ruwa yana tsinka maganin kwalta ya hana shi taɓa abin da aka fesa shi dominsa.

Kwalta da danƙo

Kwalta ce ta fara fita, saboda takan lulluɓe ɓarɓashin ƙarfe, in ba a ɗauke ta ba maganin ƙarfe ba zai kai gare su ba. Duba ƙasan ƙofofi, bakin ramin taya, da bamba: baƙaƙen ɗigo ne masu ɗan tudu. Fesa maganin a kan wurin kawai, ba duk mota ba, ka ba shi minti ɗaya zuwa uku. Za ka ga ɗigon ya fara zubar da hawaye ruwan ƙasa yana gangarowa, alamar ya narke ke nan. Ɗauke shi da tawul a hankali, shafa ɗaya, ka juya tawul ɗin. Kada ka murza. A cikin kwalta akwai yashin hanya, murzawa kuwa jan yashin ne a kan fenti. Ɗigon da ya yi kauri a sake fesa masa sau biyu ko uku, ya fi a sa masa ƙarfi ko farce.

Yawancin waɗannan magunguna daga man fetur ake tace su ko daga man ɓawon lemu, kuma suna iya dusashe baƙar robar da ba a yi wa fenti ba, da murfin fitilu, da robar bakin gilashi. In ya taɓa su, goge nan take. Fetur da tina ba madadinsu ba ne: tina na iya tausasa fenti cikin daƙiƙu, musamman a ɓangaren da aka taɓa sake wa fenti. Tawul ɗin da ya sha kwalta kuma ya gama aiki a jikin fenti, a ware shi.

Danƙon bishiya sabo yakan fita da maganin kwalta. Wanda ya bushe ya taurara, jiƙa ɗan tsumma da alkohol, ka ɗora a kai na rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ka ɗauke. Bayan wannan mataki a sake wanke wuraren da sabulu, domin ragowar maganin kwalta yana narkar da yumɓun da za a yi amfani da shi nan gaba, ya mai da shi caɓi.

Ɓarɓashin ƙarfe

Duk lokacin da aka taka birki, faifan birki, wanda yawanci na zubin baƙin ƙarfe ne, yana zubar da ƙananan ɓarɓashi masu zafi. Haka ma ƙafar jirgin ƙasa a kan dogo, da wurin walda ko yankan ƙarfe. Ɓarɓashin yana faɗa wa fenti ya lotse a cikin kiliya kot, danshi ya same shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ƙara buɗe ramin da take ciki. A farar mota ana ganin su ɗigo-ɗigo ruwan lemu kamar kan allura. A baƙar mota suna nan, ido ne kawai bai kai gare su ba.

Maganin cire ƙarfe yana ɗauke da gishirin tayogilaikolet. Idan ya haɗu da ƙarfe sai ya mai da shi wani abu mai narkewa a ruwa, launinsa ya koma shuni mai ja-ja. Warinsa na kibiritu ne, mai ƙarfi, don haka a sa safar hannu, a kare ido, kuma kada a yi shi a rufaffen gareji. Girgiza kwalbar, ka fesa daga ƙasa zuwa sama, ɓangare biyu ko uku a lokaci guda, har jikin ya jiƙe. Cikin minti ɗaya za ka ga ɗigon shuni sun fara bayyana, kowanne yana jan siririn layi yana gangarowa. Bar shi minti uku zuwa biyar, ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Idan ka ga gefe ya fara bushewa kafin lokacin, ka yayyafa masa ɗan ruwa ko ka ɗauraye kawai. Inda launin ya yi duhu sosai ana iya bin sa da jiƙaƙƙiyar safa ba tare da dannawa ba. Sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bi cikin tsagogi, ƙarƙashin madubi, bakin ƙofa da bayan lambar mota, domin a nan yake ɓuya ya riƙa tsiyayowa daga baya.

Motar da ta daɗe ba a yi mata wannan ba tana buƙatar zagaye na biyu. Ana tsayawa ne idan an fesa launin bai ƙara fitowa ba, ko ya fito kaɗan ƙwarai. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki su tafi kai tsaye ga yumɓu, kuma kuskure ne: yumɓu saman ɓarɓashin yake yankewa, sau da yawa ya bar gindinsa a ciki, wanda ya fizgo kuma ya zama tsini a jikin yumɓun yana karce fenti. A rim marar fenti ko wanda aka yi wa rini na musamman, gwada a ɓoyayyen wuri tukuna.

Tabon ruwa ba ya jin maganin ƙarfe ko na kwalta, domin shi gishirin kalsiyam da magniziyam ne. Gauraya farin khal, wato binega, da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa tawul ka ɗora a kai na kimanin minti ɗaya, ka ɗauraye. Idan farin ya tafi amma zoben yana nan, to ya riga ya ci fentin, sai goge da inji. Haka tabon kashin tsuntsu da ya kwana a rana yake.

Yumɓu

Sake gwajin leda. A wasu motoci za ka tarar sinadarai sun gama aikin, kuma in jiki ya yi sumul babu dalilin sa yumɓu, tunda shi ma yana da nasa lahanin. In kaushi ya rage, to lokacinsa ya yi.

Wannan yumɓu ba na ƙasa ba ne, roba ce mai danƙo da aka cuɗa da gari mai laushi ƙwarai mai ɗan kaifi. A Japan aka ƙirƙiro shi, ya kuma yaɗu a Amurka a shekarun 1990. Idan yana zamewa a kan ruwan santsi ba ya cin fentin kansa sosai, amma duk abin da ya ɗago sama da fentin yana aske shi ya haɗiye shi a jikinsa. Yana zuwa mataki uku: mai laushi, matsakaici, da mai ƙarfi. Fara da mai laushi ko da yaushe. Mai ƙarfi na feshin fenti ne mai yawa, kuma tabbas zai bar dusashe wanda sai an goge.

Yanka sandar giram 100 gida uku ko huɗu, ka ɗauki yanki ɗaya, sauran su koma cikin kwalinsu. Dalili shi ne yankin da ya faɗi ƙasa ya mutu. Ko da ka ga kamar bai ɗauki komai ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana layi daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Jefar da shi, ɗauko wani. Murza yankin a hannu har ya yi laushi, ka baje shi ya yi faɗin yatsu uku ko huɗu. Idan ya yi tauri saboda sanyi, tsoma shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci.

Kafin ka fara, manna tef a kan baƙar roba mai kaushi da gefen tambarin mota, domin yumɓu yana shiga ƙofofinsu ya bar farin tabo mai wuyar fita.

Ruwan santsi shi ne rabin aikin. Ana sayar da nasa na musamman, ana kuma haɗa shi da sabulun wanke mota marar buƙatar ɗauraya, kashi 1 cikin 64 na ruwa, wato kimanin mililita 15 a lita ɗaya. Ruwa zalla bai isa ba. Sabulun wanke-wanke kuma yana sa wasu yumɓun su ruɓe su farfashe. Ɗauki fili kamar santimita 50 tsawo da 50 faɗi, ka fesa masa har ya jiƙe sharkaf, ka fesa wa yumɓun shi ma. Ɗora shi da tafin yatsu, ka kai ka kawo a miƙe, ba zagaye ba, layi yana ɗan hawa kan layi. Nauyin yatsun ya isa. A shafa ta farko za ka ji yana ɗan cijewa, kunne kuma zai ji ƙarar yashi-yashi. Bayan kai-komo huɗu zuwa shida sai ƙarar ta ɗauke, yumɓun ya riƙa zamewa shiru. To wurin ya gama. Ci gaba da gogawa bayan nan ba ya ƙara tsabta, karce kawai yake ƙarawa. Goge da tawul, ka taɓa da leda, ka matsa gaba.

Bayan kowane fili, juya yumɓun ka duba fuskarsa. Za ka ga ta yi ruwan ƙasa ko toka-toka, wani lokaci da ɗigon baƙi. Ninke shi biyu dattin ya shige ciki, ka sake murzawa ka baje sabuwar fuska. Idan ka ga ƙwaya mai tauri, tsince ta da farce kafin ka ninke. Idan an ninke an ninke fuska mai tsabta ta daina fitowa, yankin ya ƙare.

Daga sama ake farawa: rufi, bonet, but, saman ƙofofi, sannan ƙasa. Ƙasan ƙofofi da bambar baya a ware musu nasu yankin, kada ya koma bonet. Gilashi ma yana amfana, kuma ya fi fenti jure guga.

Matsalolin da aka fi gani guda uku ne. Yumɓu ya manne ya bar shatin launinsa a fenti: santsi ya yi kaɗan ko jikin ya yi zafi, fesa ƙari ka bi ta kai da yumɓun, zai ɗauke abinsa. Fenti ya yi hazo-hazo a ƙarƙashin fitila: an danna da yawa ko yumɓun ya fi ƙarfin fentin. Dogon karce guda ɗaya: ƙwaya ce aka ja. Baƙin fenti da na wasu motoci masu kiliya kot mai laushi suna nuna hazon ko da an yi komai daidai.

Akwai safa da tawul masu fuskar roba da ke aikin yumɓu. Sun fi sauri a manyan motoci, kuma in sun faɗi ana ɗauraye su a ci gaba. Sai dai ba sa haɗiye datti, a saman fuskarsu yake zama, don haka a riƙa ɗauraye su bayan kowane fili. Sabuwa a fara murza ta a gilashi don ta yi laushi kafin ta taɓa fenti.

Goge fenti da share maiƙo

Ɗauraye motar, ka busar da ita sosai, ka haska fitila a karkace a kan kowane ɓangare. Idan kaki za a shafa, ɗan hazo ba damuwa ba ne, kaki yana cike shi na ɗan lokaci. Idan siramik ne, dole a goge, domin ba ya ɓoye karce, ƙara fito da shi yake yi, ya kuma riƙe shi na shekaru. Man gogewa mai laushi da soso mai laushi a kan inji mai juyi biyu yawanci sun isa su ɗauke shatin yumɓu. Mai na'urar auna kaurin fenti ya auna tukuna: inda ya ga ƙasa da maikron 80 ya yi taka-tsantsan, haka ma a kan kusurwa da bakin ƙofa, inda fenti ya fi siranta.

Man gogewa yana barin maiƙo, maiƙon kuma yana hana maganin kariya kamawa. Haɗa alkohol mai ƙarfin kashi 99 cikin 100 da tataccen ruwa, awo ɗaya da awo huɗu, zai ba ka kimanin kashi 20. Idan mai kashi 70 ne, awo ɗaya da awo biyu da rabi. Kada a yi amfani da shi zalla, yana iya dusashe fenti mai laushi. Fesa kaɗan, ka share da tawul ɗaya, ka bi da busasshen tawul na biyu kafin ya bushe da kansa, in ba haka ba maiƙon da ya narke zai sake kwanciya. Canja tawul bayan ɓangare biyu ko uku. Fentin da ya rabu da maiƙo ba ya santsi a ƙarƙashin tawul, ɗan cijewa yake yi, kuma haka ake so. Idan kamfanin siramik ɗin yana da nasa ruwan sharewa, shi ya fi dacewa.

Hura iska cikin tsagogi da madubai da hannun ƙofa, domin ɗigon ruwa ɗaya da ya gangaro kan siramik ɗanye yana barin shati. Daga nan kada a taɓa fentin da hannu tsirara, kada kuma a fita da motar. A shafa maganin a ranar, in da hali cikin awa ɗaya ko biyu. Idan ta kwana, a sake bin ta da ruwan sharewa da safe.

Fentin da ba a yi wa haka

Fenti marar sheƙi ba a sa masa yumɓu ko injin gogewa, domin za su mai da wurin mai ƙyalli, kuma ba gyara sai sabon fenti. Sinadaran da aka rubuta sun dace da shi kawai ake amfani da su. Ɓangaren da aka sake wa fenti kwanan nan yana ci gaba da fitar da sinadarin da aka dama shi da shi, don haka ana jira kwana 30 zuwa 90, gwargwadon abin da mai fentin ya faɗa, kafin a rufe shi da kaki ko siramik. Tsofaffin motoci masu fenti hawa ɗaya, marar kiliya kot, za ka ga launinsu yana fitowa a jikin yumɓu da tawul, a bi su da hannu mai sauƙi, a gwada kowane sinadari a ɓoyayyen wuri. Ledar kariya da sitika kuma maganin kwalta yana iya ɗaga bakinsu.

Bayan an shafa siramik, a kare shi daga ruwa na awa 12 zuwa 24, kada a wanke da sabulu har kusan mako guda. Daga baya, idan kaushi ya dawo ko ruwa ya daina dunƙulewa, a fara da wanki da maganin ƙarfe, wanda sau biyu a shekara yakan wadatar. Yumɓu a kan siramik yana cinye shi a hankali, don haka a ajiye shi sai ranar da za a goge a sake shafa sabo.